Gadon da Alƙali Ba Ya Rabawa

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Ruwa ko ta Ƙofar Mazugal ya fuskanci arewa, ko ya bi ta Ungogo da Minjibir, ko ya miƙe hanyar Dambatta, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce ke bin gona, ba abin da ya raba su sai ɗan layin gamba ko na lalle. Ga ɗorawa da kuka da gawo tsaye a tsakiya, kowane itace da mai shi. Tun zamanin kakanni mutanen wannan ƙasa ba su san hutar da gona ba, sai dai su ciyar da ita da taki, wanda a da jakuna ke ɗaukowa daga birni da rani a cikin mangala. Inda ƙasa ta yi tsada haka, tilas maganar gado ta yi ƙarfi. In maigida ya rasu, a kan kira malamai ko a je gaban alƙali, a auna gona, a fid da tumunin mata, a ba ɗa namiji rabonsa, a ba 'ya mace nata, a kafa shaidu. Ko ƙaramin yaro ya san inda gonar gidansu ta tsaya.

Akwai kuma wani gado wanda ba a kai shi gaban alƙali, domin tun ɗa yana ciki aka riga aka raba shi. Wannan gado a cikin jini ya ke. Shi ke sa yaro ya ɗauko tsawon ubansa ko hasken uwarsa, shi ne kuma a waɗansu gidaje ya kan zo da ciwo. Hausawa sun daɗe da lura da wannan, ko da ya ke ba su san dalilinsa ba. Mace ta kan haifi ɗa, ya yi kamar wata shida lafiya lau, sa'an nan hannuwa da ƙafafu su kumbura, idanu su yi ruwan ɗorawa, ya yi ta kuka dare da rana, kafin a yaye shi ya koma. Ta sake haihuwa, a sake yin haka. Sai a ce tana wabi, a sa wa na gaba suna Ajuji ko Ayashe, ko mutuwa ta raina shi ta bar shi. Waɗansu su ce mayu ne, waɗansu su ce iskoki, waɗansu su ɗora wa kishiya. Gaskiya ne cututtuka da yawa ne ke kashe yara a lokacin, kamar ƙyanda da gudawa da masassara. Amma a cikin 'ya'yan wabi akwai waɗanda ciwon gado ne ya ɗauke su, watau amosanin jini, wanda a ke kira sikila. Ɗaya daga cikin wurare ƙalilan a Afirka inda aka zauna aka ƙidaya ɓarnarsa ƙauye ƙauye shi ne gundumar Garki, arewa maso gabas da Kano.

Yadda aka fara gane ciwon

A shekarar 1904 wani saurayi baƙar fata mai suna Walter Clement Noel, mutumin tsibirin Girinada, ya tafi birnin Shikago na Amurka koyon aikin haƙori. Yana can ya kwanta rashin lafiya. Wani ƙaramin likita, Ernest Irons, ya ɗiga jininsa a gilashi ya duba a madubin likita, irin wanda ke girmama ƙaramin abu. Ƙwayoyin jan jini na mai lafiya kewayayyu ne kamar faifai, suna da laushi, suna tanƙwaruwa su wuce ta kowace siririyar jijiya. Na wannan saurayi kuwa da yawa sun lanƙwashe kamar lauje. Irons ya gaya wa shugabansa, Likita James Herrick, shi kuwa ya buga labarin a 1910. Daga kalmar Turanci mai nufin lauje aka sami sunan sikila. Noel ya gama karatunsa ya koma gida ya yi aiki, ya rasu a 1916 yana da shekara 32.

Wannan lanƙwasa ita ce tushen wahalar duka. Ƙwayar da ta zama lauje ta kan yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, ta tare wa jini hanya, sai wurin ya kama zogi mai tsanani, musamman a ƙashi. Har wa yau ba ta da tsawon rai. Lafiyayyar ƙwaya ta kan yi kamar kwana 120 tana aiki, amma mai lauje da wuya ta wuce kwana 20. Saboda haka kullum jinin mai ciwon a ƙarance ya ke.

Sai a shekarar 1949 aka tabbatar da yadda a ke gadonsa. Wani masani, James Neel, ya bi gidaje a Amurka, wani likita kuma, E. A. Beet, ya bi dangi a Rodeshiya ta Arewa, ƙasar da yanzu a ke kira Zambiya. Ba tare suka yi aiki ba, amma maganarsu ta zo ɗaya. Kowane mutum yana da iri biyu na jini, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Lafiyayyen iri shi a ke kira A, mai lauje kuwa S. Wanda ya sami A ta kowane gefe shi ne AA. Wanda ya sami A da S shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, yana noma yana dako, sai dai yana ɗauke da irin. Wanda ya sami S daga uba ya kuma sami S daga uwa shi ne SS, shi ne mai ciwon.

Misalin wannan shi ne a ajiye ƙwarya biyu, a zuba farin wake da jan wake daidai da daidai a kowacce, a rufe wa mutum ido a ce ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can. In aka yi ta maimaitawa, za a ga kamar sau ɗaya cikin huɗu ja biyu ya ke ɗaukowa, sau ɗaya fari biyu, sau biyu kuwa gauraye. Haka haihuwa ta ke tsakanin AS da AS. Kowane ciki sabon ɗauka ne, wanda ya wuce bai rage wa mai zuwa kome ba. Don haka ne wani gida za a haifi huɗu ba mai ciwo, maƙwabcinsa kuwa ya haifi uku a jere duk masu ciwo.

Sauran tambaya ɗaya. In wannan iri yana kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa? Anthony Allison, likitan da ya girma a Kenya, ya lura cewa irin S ya yi yawa a bakin teku da kewayen Tafkin Biktoriya inda sauro ya ke, ya kuma yi ƙaranci a kan tsaunuka inda sanyi ya hana sauro zama. A 1954 ya buga bayani cewa yaro mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai kisa. Masana da yawa sun yarda, waɗansu sun yi gardama. Abin da a ke bukata shi ne a sami ƙasa mai sauro, a san kowa da sunansa, a bi jarirai tun daga ranar haihuwa a ga wanda ya rayu da wanda ya mutu.

Aikin Garki

Ba don sikila aka je Garki ba, don sauro aka je. Tun 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura yaƙin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga duniya. An ci nasara a waɗansu ƙasashe, amma a Afirka abin ya faskara, har hukumar ta sake shawara a 1969. Aka ga ya kamata a zaɓi wuri ɗaya inda ciwon ya fi ƙarfi, a zuba masa dukan dabarun da a ke da su, a auna abin da zai faru. Gwamnatin Nijeriya da hukumar suka haɗa kai suka zaɓi gundumar Garki, kimanin mil 60 daga birnin Kano. A lokacin tana cikin Jihar Kano, sai a 1991 da aka yanke Jihar Jigawa ta faɗa can. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, Hausawa manoma ne suka fi yawa, ga Fulani a tsakaninsu.

Aikin ya ɗauki daga 1969 zuwa 1976. Da fari ba a ba da magani ba, ba a yi feshi ba, ƙidaya kawai aka yi. Aka keɓe ƙauyuka 22, a cikinsu akwai Sugungum da Rafin Marke da Kwaru da Ajura, aka rubuta kowane gida da kowane mutum a littafi, aka ba shi lamba. Bayan kowane mako 10 ma'aikata su kan dawo, su kira suna, su tsaga yatsa su ɗiga jini a gilashi, su rubuta wanda aka haifa, da wanda ya rasu, da wanda ya tafi cin rani. Da dare kuma akwai samarin da aikinsu shi ne su zauna da ƙafa a buɗe, sauro na sauka su kama shi, da safe a kai shi ɗakin bincike a feɗe shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cuta. Da wannan ƙidaya aka gano cewa a ƙauyen da abin ya fi tsanani, mutum ɗaya ya kan sha cizon sauro mai cuta har sau 145 a shekara, kusan duka da damina.

A daminar 1972 da ta 1973 aka shiga yaƙin sosai. Aka fesa maganin sauro a bangon ɗakunan ƙauyuka 164, a waɗansu ƙauyukan kuma aka riƙa raba wa kowa ƙwayar magani, mai lafiya da marar lafiya. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu, amma ciwon bai yanke ba. Wani dalili shi ne, akwai sauron da in ya ciji mutum ba ya sauka a bangon ɗaki, waje ya ke fita ya huta, feshi bai same shi ba. Da aka daina, sannu a hankali zazzaɓi ya koma yadda ya ke. Likita Louis Molineaux da Likita Gramiccia suka tattara labarin aikin duka a littafi guda, hukumar ta buga shi a 1980. Har yanzu masu binciken sauro a duniya suna komawa ga lissafin Garki.

Abin da Likita Fleming ya gano

A cikin waɗanda suka ga amfanin littattafan Garki akwai Alan Fleming, likitan jini, wanda ya yi aiki a Ibadan, daga baya ya zama shehun malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya ga cewa tun da ana ɗibar jinin kowa, an kuma san shekarun kowa, to, sai a auna irin jinin kowa gaba ɗaya. Hanyar awon kuwa ita ce a ɗiga jini a kan wani falle, a sakar masa wutar lantarki. Irin A ya fi S saurin tafiya, saboda haka bayan ɗan lokaci sai su rabu, kowanne ya tsaya a wurinsa, a karanta da ido. Fleming da abokan aikinsa, Storey da Molineaux da Iroko da Attai, suka buga sakamakon a 1979.

Suka auna jarirai sabbin haihuwa 534, suka sami kamar 2 cikin 100 masu SS. Wannan lissafi duk wanda ya iya sau da rabawa yana iya gwada shi. A cikin manyan Garki wajen 29 cikin 100 AS ne. In haka ne, a cikin aure 100 za a sami kamar 8 waɗanda miji da mata duka AS ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan waɗannan 8 ɗin su ne SS, watau 2 ke nan cikin 100. Abin da alƙalami ya ce shi aka tarar a jinin jarirai.

Da suka juya ga yaran da suka tasa sai lissafi ya canja. A cikin 'yan shekara 1 zuwa 4, masu SS ba su wuce 4 cikin 1,000 ba. A cikin 'yan shekara 5 zuwa 14 kuwa 2 ne cikin 1,000. An haifi 20 cikin 1,000, saura 2. Ba wanda ke warkewa daga SS don ya girma, irin jini kuwa ba ya sakewa. Ma'anar lissafin ita ce, kusan duk yaron da aka haifa da ciwon a ƙauyukan nan ya mutu tun yana ƙarami, akasari ba a taɓa kai shi asibiti ba, ba wanda ya san sunan abin da ya kashe shi. Wannan ya warware wani abin da ya daɗe yana ruɗa likitoci. A da waɗansu su kan ce sikila ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka, don in sun je ba su ganin manya masu ita. Ashe ba su ganinsu ne don ba su kai girma ba.

Abu na biyu da suka gano ya shafi maganar Allison. A cikin jarirai, masu AS 24 ne cikin 100, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara 5 sun kai 29. Mutum ba ya komawa AS da rana tsaka. Abin da ya faru shi ne, zazzaɓi ya fi cin yara masu AA, saboda haka a cikin waɗanda suka tsira rabon masu AS ya ƙaru. Irin nan guda, wanda ke kashe ɗa in ya zo ta gefe biyu, shi ne ke tsare 'yan'uwansa in ya zo ta gefe ɗaya. Sauro ne ya riƙe shi a ƙasar nan shekaru aru aru. Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara kallon gidan da ke da sikila da ido na raini ba, domin kakanninsu da wannan jini suka tsallake daminar da ta ɗauke 'ya'yan wasu. Sun kuma lura cewa irin ya fi yawa a cikin Hausawa bisa Fulani.

Bayan Garki

Lissafin Garki na zamanin da ba asibiti kusa ne, ba allurar rigakafi, ba gidan sauro mai magani. Tun daga lokacin an koyi abubuwa da yawa. A 1986 likitocin Amurka suka tabbatar cewa in aka gane jariri mai SS da wuri, aka riƙa ba shi fenisilin kullum, yana tsira daga cututtukan da su kan kashe irinsu farat ɗaya. Aka haɗa da tsare shi daga sauro, da yawan shan ruwa, da rufe jiki lokacin hunturu, da hanzarta kai shi asibiti in jiki ya yi zafi. Da wannan kulawa masu ciwon da yawa sun girma, sun yi ilmi, sun yi aure sun haihu.

Kano ma ta ba da nata taimako ga ilmin duniya. Ɗaya daga cikin mugayen abubuwan da ke samun yara masu SS shi ne shanyewar ɓarin jiki. Akwai na'urar da a ke ɗora wa yaro a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, in gudun ya yi yawa an san yana cikin haɗari. A ƙasashe masu arziki ƙarin jini a kan yi wa irin wannan yaro wata wata, abin da talaka ba zai iya ba. Likita Shehu Umar Abdullahi da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, tare da na Kaduna da Likita Michael DeBaun na Amurka, suka gwada ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya a kan yara 220. A 2022 suka buga cewa ko ƙaramin awo na maganin yana tsare yara daga shanyewar jiki kamar yadda matsakaicin awo ke yi.

A watan Mayu na 2024 Gwamnan Kano, Abba Kabir Yusuf, ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin irin jini. Doka ta yi nata, saura na iyaye. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an sa rana, an gayyaci dangi, baƙin ciki ya ke kawowa, har ya kai waɗansu ga neman takardar ƙarya. Wanda aka yi tun yara suna ƙanana ba ya ɓata wa kowa rai, domin irin jini sau ɗaya a ke auna shi a tsawon rai in an auna daidai. Mai AS kuwa ba a hana shi aure ba. In ya auri AA, ba za su haifi mai SS ba.

Wani gadon kuma, a cikin hanji

Ba sikila kaɗai ke bin jini ba. A shekarar 1895, a jihar Mishigan ta Amurka, wata mace mai yi wa Likita Aldred Warthin ɗinki ta gaya masa cewa ta san ciwon daji ne zai kashe ta tun ba ta tsufa ba, domin haka ya yi wa danginta, waɗansu a hanji, waɗansu a tumbi, mata kuma a mahaifa. Likitan bai ɗauki maganar wasa ba. Ya sa ta lissafa masa dangi tun daga kakansu wanda ya zo daga Jamus, ya bi takardun asibiti yana gwadawa, ya buga bayanin gidan a 1913. Abin da matar ta ji tsoro kuwa ya same ta, ciwon dajin mahaifa ne ya yi ajalinta. Likitocin zamanin ba su kula da aikin Warthin sosai ba, don a ganinsu ciwon daji ba a gadonsa.

A birnin Landan kuwa, a Asibitin St Mark, Likita Cuthbert Dukes da Likita Lockhart-Mummery suka buɗe littafi a 1924 na gidajen da ke da wani ciwon hanji dabam, inda ɗaruruwan ƙananan tsiro ke fitowa a cikin babban hanji tun mutum yana saurayi, daga baya ɗayansu ya rikiɗa ya zama daji. Duk wanda aka samu da ciwon sai a rubuta 'ya'yansa da 'yan'uwansa, a aika musu su zo a duba su tun ba su ji kome ba.

Wanda ya farfaɗo da aikin Warthin shi ne Likita Henry Lynch na jihar Nebaraska. A 1966 ya buga labarin manyan gidaje biyu masu irin wannan gado, daga baya ya nemo jikokin dangin mai ɗinkin nan ya ci gaba da lissafi. Ya yi shekaru ana musanta maganarsa, sai a 1993 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kawo ciwon, yau kuma da sunansa a ke kiran ciwon. Ya rasu a 2019. Kamar 3 cikin 100 na masu ciwon dajin babban hanji irin wannan gado ne ya kawo musu.

Wannan gado ya bambanta da na sikila. Gefe ɗaya ya isa, uba ko uwa, kowane ɗa kuma yana tsakanin ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Gwajin jinin da a ke yi kafin aure ba ya nuna shi. Amma akwai dabara. Dajin hanji ya kan fara ne da ɗan tsiro wanda ba ya ciwo. Likita yana da wani siririn bututu mai fitila wanda a ke zurawa ta dubura a duba hanjin duka, in an ga tsiron a tsinke shi nan take. A ƙasar Finlan, Likita Järvinen da abokansa suka bi mutanen irin waɗannan gidaje shekara 15, suka buga sakamako a shekarar 2000. A cikin 133 da suka yarda ana duba su bayan kowace shekara 3, mutum 8 ne suka kamu, ba ko ɗaya da dajin hanji ya kashe. A cikin 119 da ba a duba ba, 19 suka kamu, 9 suka mutu da shi.

A da ana cewa wannan ciwo na Turawa ne. A 2005 likitocin Kano, su Edino da Mohammed da Ochicha, suka buga bayanin mutum 50 da suka gani da dajin babban hanji da na dubura. Da yawansu ba su kai shekara 50 ba, akasari kuma sun zo ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu. Dalilin jinkirin sananne ne a kowane ƙauye. Mutum ya ga jini a bayan gida, sai ya ce basir ne ko atuni, ya shiga shan saiwa da sassaƙe, kunya ta hana shi faɗa wa kowa, har ya rame. Sau da yawa basir ɗin ne, amma ba mai iya rarrabewa sai likitan da ya duba. Likitoci sun ajiye wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. In a dangi na kusa an sami mutum 3 da wannan ciwo, ya kuma bi iyaye da 'ya'ya, ɗayansu kuwa ya kamu kafin ya kai shekara 50, to, wannan gida ya kamata a duba sauran mutanensa tun suna da lafiya.

Littafin gida

Warthin bai fara da wata babbar na'ura ba, da takarda da alƙalami ya fara, da kuma macen da ta san danginta. Littafin Asibitin St Mark sunaye ne da shekaru. Abin da ya ba aikin Garki daraja shi ne malaman da suka bi gida gida suna rubuta haihuwa da mutuwa bayan kowane mako 10. A ƙasar Gana ma, Likita Felix Konotey-Ahulu ya bi labarin sikila a cikin danginsa na Krobo har zuwa shekarar 1670, da taimakon tsofaffin da suka riƙe sunayen kakanni da irin ciwon da kowa ya yi.

Irin waɗannan tsofaffi suna nan a ƙasar Kano. Kowace unguwa akwai tsohuwar da ta san wanda ya haifi wane, da matar da ta yi wabi, da gidan da maza ke mutuwa da ciwon ciki tun furfura ba ta fito ba. Abin da ya rage shi ne mai rubutawa, kafin su tafi da abin da suka sani. Wanda ya fita ajin yaƙi da jahilci da takardar shaida yana iya sayen ɗan littafi, ya ba kowane mutum na gidansu layi ɗaya: sunansa, da na uwa da uba, da shekarar haihuwa, da irin jininsa in an auna, in ya rasu kuma a rubuta shekarunsa da ciwon da ya yi. A ajiye shi tare da takardun gona. Ran da aka tashi neman aure, ko aka kai wani asibiti likita ya tambaya ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi, sai a buɗe littafi a karanta masa.